Kundin Ruwan Dayi da Kunyar Suruki

Wannan babin da gangan na yi ta jinkirta shi, don na san in na fara raina zai ɓaci, ga likita ya hana ni ɓacin rai. Amma ranar sunan jikana na baya-bayan nan, ina bayan zaure ina alwala, na ji da kunnena ɗaya daga cikinku yana ba baƙi labari, wai Baba ya shekara shida bai yi wa surukinsa dariya ba saboda tsohuwar kwamfutar da ko ɗan gwangwan ba zai taya ba. Aka kwashe da dariya. Na gane muryar sarai, ba zan kama suna ba, mai ita ya san kansa. To tunda abin ya zama na ba baƙi dariya, gara ku ji shi daga bakin mai shi, in ya so ku yi dariyar da hujja.

Kun taso kun ga gwangwanin awon ruwan sama a tsakar gida, kan turken ƙarfe kusa da rijiya, har wasunku sun sha bulala a kan zuba masa ƙasa. Yadda aka fara ne ba ku sani ba. Ni malamin gona ne. An tura ni Funtua, an tura ni Musawa, na ƙare aiki a Malumfashi, amma gida yana nan Dayi ban taɓa ɗaga shi ba. Tun shekarar da na kama aiki na ƙudurta duk ruwan da ya sauka a garin nan sai na auna shi na rubuta: ranar da ya zo, yawansa, kwana nawa ya yi bai dawo ba, wa ya shuka a kansa, me ya girba. In ina wurin aiki, mahaifiyarku Hajiya ce mai awo. Ba ta yi boko ba, sai ta ɓullo da dabararta. Da safe ta tsoma tsinken tsintsiya cikin gwangwanin, ta karya shi daidai inda ruwa ya jiƙa, ta soke shi a jikin karan dawa. Ranar da ba a yi ruwa ba ta bar gurbi. Juma'a in na dawo in ɗauko rula in auna tsinkayen ɗaya bayan ɗaya in shigar a littafi. Da goyo a bayanta ta yi, da ciki ta yi, ranar da aka yi mata rasuwar mahaifi ma sai da ta karya tsinke kafin ta fita. Shekara talatin da ɗaya muka yi a haka.

Amfaninsa kuwa duk Dayi an san shi. Ruwan farko mayaudari ne. Wata shekara ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya ɗauki sungumi, sai ya ɗauke ƙafa mako uku, iri ya tsiro ya ƙone. Wata shekarar kuma wanda ya tsaya jira shi ne ya yi asara. Saboda haka duk safiyar da ta biyo bayan ruwan farko, ana idar da sallar asuba zaurena yake cika, tambayar kuma ɗaya ce, a shuka ko a dakata. Ni ba boka ba ne, gaibu sai Allah, kuma kullum da haka nake fara magana. Abin da nake yi shi ne in nemo shekarun da suka buɗe kamar wannan, in ce musu a shekara kaza da kaza da aka yi irin wannan ruwa a irin wannan lokaci, ga abin da ya biyo baya. Ba kullum nake dacewa ba, amma na fi dacewa, kuma buhunan irin da kundin nan ya tsirar a garin nan ba su ƙirguwa. Mutuncina a Dayi ba daga albashi ya zo ba, daga wannan safiyar ya zo.

Kwamfuta na fara saninta a ofis, gab da ajiye aiki. Autarku Hadiza, wadda ta karanci harkar, ita ta fahimtar da ni cewa ƙarfen daban, abin da ke tafiyar da shi daban. Babbar manhaja ake ce masa, kuma kamar ƙasar gona take, duk sauran abubuwan da ake amfani da su shuka ce a kanta. Wadda muke da ita a ofis ita ce ta kowa da kowa, wadda ke cikin kowane shagon buga takardu daga Funtua har Katsina. Ni Ta-Kasuwa nake ce mata. Kyakkyawa ce, mai fara'a, amma fara'ar munafuki. Kana tsakiyar aiki ta daskare, ko ta juye fuska ta ce wai wani abu ya faru, tana baƙin ciki. Wane abu? Ba za ta faɗa ba, sai dai ta jero maka wasu lambobi. Ka soka mata filashin wani ta kwaso cuta. Da safe kana sauri ta ce ka jira tana sabunta kanta, kamar matar da ta tsiri kitso ana jiranta a mota. Amma in faɗi gaskiya, tana da abu ɗaya: in ta faɗi, ba ka rasa mai tayar da ita. Ko'ina ka juya akwai mai gyara. Sai dai su ma maganinsu ɗaya ne tak, ciwon kai da ciwon ciki duk fomatin, wato a share duk abin da ke ciki a zuba sabo. Wankewa suke ce masa. Na ga sakatarenmu ya zauna yana share hawaye a kan rahoton wata shida da aka wanke. Akwai kuma wata manhajar, ta masu hali, na gan ta wurin wani likita a Malumfashi. Ya ce ba ta cika ciwo ba, amma in ta yi sai an kai ta Kano, kuɗin gyaranta kuwa ya sayi ɗan maraƙi. Ita wannan ba da mu ake yi ba.

Da na yi ritaya na sayi ɗaya daga tsofaffin kwamfutocin da aka yi gwanjo, mai ƙaton akwati da allo daban. Kafin ta gama buɗewa ka sha koko ka wanke kwano. Hadiza ta zo hutu ta dube ta, ta ce ƙarfen lafiya lau yake, Ta-Kasuwa ce ta yi masa nauyi. Ta cire ta, ta zuba wata wadda ta ce 'yan sa-kai ne na ƙasashe daban-daban suka haɗa, kyauta ake ba da ita. Na ce mata abin kyauta bai cika ƙarko ba. Ta ce in gwada. Hutu biyu yarinyar nan ta yi a ɗakin zaure, ina karanto mata tana bugawa, har muka kwashe littattafan nan kaf cikin na'urar, ta kuma tsara shi yadda in na buga yawan ruwa da mako sai shekarun da suka yi kama su fito a jere. Abin da nake yini ina nema ya koma na minti biyu. Ta kuma ba ni ɗan filashi ta ce duk ƙarshen wata in kwafe kundin a ciki, ta nuna mini yadda ake yi, kuma ban taɓa fashi ba.

Ta-Kyauta, sunan da na raɗa mata ke nan, ba ta da fara'a, kuma ba na ɓoye laifinta. Wata biyu muka yi kafin ta yarda da injin buga takardata. In na kai takarda shago a Malumfashi, wani lokaci layukan sukan karkace a tasu na'urar. Duk faɗin Dayi da Malumfashi ban san mutum ɗaya da ya san ta ba. Amma shekara biyar na yi da ita, ba ta daskare ba, ba ta kwaso cuta ba, ba ta taɓa cewa in jira tana kitso ba. Wutar garin nan da kuka sani, a kawo a ɗauke kamar ana wasa da yaro, duk ta jure. Har na sake jiki. Littattafan asali da nake fitarwa duk shekara in shanya in kakkaɓe, na bar su cikin akwati a ɗakin ajiya. Ranar da na tuna na buɗe, gara ta mai da su gari. Na ji zafi, amma na ce ba komai, ai suna cikin kwamfuta, suna kuma cikin filashi.

A bazarar shekara ta shida ne abin ya faru, saura kamar wata guda ruwa ya sauka. Ina cikin gyara wani layi da hantsi aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita bayan azahar na kunna, maimakon fuskar da na saba sai allo ya yi baƙi ƙirin, ga rubutu fari na Turanci layi bakwai, a ƙarshe wani ɗan ɗigo yana ƙiftawa. Na kashe na kunna, haka. Amma ni mutumin rubutu ne, sai na ɗauko takarda na kwafe layukan nan harafi da harafi, da niyyar in an yi la'asar in kira Hadiza, wadda lokacin tana aiki a Ikko, in karanta mata.

Allah da ikonsa, ranar nan ce yayarku ta zo ganin gida tare da mijinta Malam Sanusi. Ku da kuka san shi yanzu da rawani da tumbi, lokacin yana da shagon gyaran kwamfuta a bakin titi a Funtua, kuma shagon yana ci. Mutum ne mai ladabi, ba zan hana shi wannan ba. Tun daga ƙofar gida yake tuɓe takalmi, bai taɓa haɗa ido da ni ba, bai taɓa cin ko gyaɗa a gabana ba. Ni ma ban taɓa yi masa doguwar magana ba. In ina da saƙo sai in faɗa wa Hajiya, ta faɗa wa 'yarta, ita kuma ta kai masa. Haka muka gada, haka nake alfahari da shi. Na shiga ciki ɗauko waya, Hajiya ta tambaye ni wa zan kira, na faɗa mata. Ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Haba Malam. Surukinka na zaune a zaurenka, sana'arsa ke nan da yake ciyar da 'yarka da ita, sai ka tsallake shi ka kira auta a Ikko? In ya ji, da wane ido zai dube mu? Cewa za a yi ka raina sana'arsa."

Na ce mata wannan ba irin wadda ya saba ba ce. Ta ce kwamfuta ai kwamfuta ce, wanzami ba ya zaɓen kai. Na tsaya da wayar a hannu, na kuma san maganarta tana kan hanya, don da ni aka yi wa haka da na ji ciwo. Na mai da wayar aljihu.

Aka shigo da shi ɗakin. Ya durƙusa gefen tebur, don ba zai hau kujerata ba, ya kunna, baƙin allo ya fito. Ina tsaye a bayansa ta gefe, ina ganin rabin fuskarsa. 'Ya'yana, shekara talatin na yi ina koya wa manoma yadda ake zuba taki da feshi, na san fuskar wanda ya gane, na san ta wanda ke gyaɗa kai kawai. Sanusi bai gane ko layi ɗaya ba. Idonsa ya bi rubutun ya dawo kamar na baƙo a tasha. Na miƙa masa takardar da na kwafa, ya karɓa da hannu biyu, ya dube ta daidai gwargwadon ladabi, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Ba komai Baba, ƙaramin abu ne. Bari in tafi da ita shago, jibi in sha Allahu za a kawo."

Abin da ya kamata in ce a nan a bayyane yake. In ce, Malam Sanusi, ka san wannan ko ba ka sani ba? In ce, aikin shekara talatin da shida na ciki, kada ka share ko ɗigo sai ka tambaye ni. Amma yaya za ka tambayi surukinka ko ya san sana'arsa, yana durƙushe a gabanka? Sai na ji bakina yana cewa, akwai 'yan rubuce-rubucena a ciki. 'Yan rubuce-rubuce. Ya ce to Baba. Don in nuna masa na yarda da shi ɗari bisa ɗari, da hannuna na haɗa kayan cikin kwali, da wayoyin, da madannin, har da ɗan filashin nan, wai ko zai buƙaci wani abu nata. Aka ɗaure a bayan babur aka kai tasha.

Kwana uku ya dawo da ita da kansa. An goge ta tana ƙyalli, ya sauya madannin da sabo daga aljihunsa. Ya kunna, sai ga Ta-Kasuwa ta buɗe da launukanta da ɗan kiɗanta. Kansa a ƙasa yake bayani, amma ana jin daɗi a muryarsa, wai ya sa mini ta zamani wadda kowa ya sani, ya kuma cika mini ita maƙil da karatun Alƙur'ani da tafsiri da wa'azi, in riƙa saurara tunda na huta. Na yi godiya, na sa albarka. Yana fita na zauna na fara neman kundi. Na buɗe nan, na buɗe can. Na soka filashi, na tarar da wasu abubuwa da ban taɓa gani ba. Ban fahimta ba sai daga baya: da ya tashi zuba Ta-Kasuwa ya nemi filashin da zai ɗora ta a kai, ya ga nawa a kwali, ya share shi ya yi aiki da shi.

Na aika tambaya ta hanyar da muka saba, daga ni zuwa Hajiya, daga Hajiya zuwa yayarku, daga ita zuwa gare shi. Kwana biyu amsa ta biyo hanyar ta dawo. Wai waccan manhajar ba ta mutane ba ce, yara ne ke wasa da ita, ta riga ta mutu tun kafin a kawo, bairos, cutar kwamfuta, ya cinye duk abin da ke ciki, shi ƙarfen kawai ya ceto. Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na kira Hadiza, na ɗauko takardar nan, na karanta mata harafi da harafi. Ina kai ƙarshe ta ce:

"Baba, ba ta mutu ba. Cewa ta yi wuta ta ɗauke tana tsakiyar ajiye abu, ma'ajiyarta ta ɗan hargitse, ta tsaya ba za ta ci gaba ba don kada ta ɓata maka kaya. Layin ƙarshen nan da ka karanta, abin da za a buga mata ne ta gyara kanta. Ita da kanta ta faɗa. Da ka kira ni, kafin a kira magariba mun gama."

Ban san na zauna a ƙasa ba sai da Hajiya ta taɓa kafaɗata. Ku dubi wannan abu da kyau. Na'ura, ƙarfe da waya, ta ji ciwo ta tsaya, ta rubuta abin da ke damunta dalla-dalla, ta rubuta maganinsa, ta ƙi taɓa amanar da aka ba ta sai da izini. Mutum mai rai, mai sallah, ɗan mutunci, ya duba bai gane ba, ya kasa cewa bai gane ba, ya share, sannan ya ɗora laifin a kan wadda ba ta da bakin kare kanta. Bairos! Wannan ƙaryar ce ta tsaya mini a maƙogwaro, ba sharewar ba. Kuskure kowa na yi, garin gyaran gira an sha rasa ido. Amma a tsone maka ido sannan a ce da ma makaho ne kai, wannan ba kuskure ba ne.

Hadiza ta nemi izini a wurin aiki ta biyo mota ta zo. Ta ce abin da aka share wani lokaci akan same shi, in ba a zuba wani abu a kansa ba. To an zuba. Kyautar nan ta karatu da wa'azi da ya cika ma'ajiyar da ita, ita ta danne komai. Wa zai buɗe baki ya yi ƙorafi a kan karatun Alƙur'ani? Kwana biyu yarinyar nan tana fama, abin da ta tono bai wuce gutsattsarin lambobi ba, babu rana babu shekara. Da za ta koma ta ce in bari ta mayar mini da Ta-Kyauta. Na ce ta bar ta haka, in Sanusi ya zo ya ga an cire aikinsa zai ji kunya. Ta dube ni, irin kallon da ɗa ba ya yi wa uba, ta ɗauki jakarta. Hajiya kuwa mako guda ba ta yi mini maganar da ta wuce ga abinci ba. Ba fushi take da ni ba, na sani, tsinkayenta take tunawa, tana kuma tuna wanda ya hana a kira waya.

Bayan kwana goma sha biyu ruwa ya sauko, mai ƙarfi, da la'asar. Washegari ana idar da asuba zaure ya cika kamar kullum, don ba wanda ya san abin da ya faru. A gaba akwai Malam Ɗanjuma, abokina tun muna kiwon awaki, wanda a shekarar ya sayar da tumakinsa biyu ya sayi irin masara na zamani mai tsada. Aka gaisa, aka yi barka da ruwa, aka zuba mini ido. Ta ƙofar ɗaki suna hango kwamfutar a kan tebur tana ƙyalli fiye da kullum.

Ba zan ɓoye muku ba, na tashi na shiga na kunna ta. Na zauna ina kallon launukanta, zuciyata tana cewa ai ka san ruwan garin nan, ka daɗe a ciki, ka yi kamar ka duba ka fito ka ce musu wani abu, wa zai sani? Na yi ƙoƙarin tuna shekarun da suka buɗe haka, suka cakuɗe mini, ban san wacce ce ta yi fari ba, wacce ce ta yi albarka. Ina jin tarin mutane a zaure, ina jin nauyin idonsu ta bango. A kujerar nan na gane abin da Sanusi ya ji yana durƙushe a gabana, na ɗanɗana shi har ƙasan harshe. Da wuya, wallahi da wuya. Na kashe na fito.

"Jama'a, kundin ya ɓata, ba saura. Bana ban sani ba."

Wani ya yi dariya kaɗan, ya zaci wasa ne. Da suka ga da gaske nake, aka yi ta Allah ya mayar da alheri, aka watse ɗaya bayan ɗaya. Ba su tambayi yadda aka yi ba, ni ma ban faɗa ba, don ba zan tona asirin mijin 'yata a zaure ba. Rabin gari suka shuka, rabi suka dakata. Ruwa ya ɗauke kwana ashirin da uku. Ɗanjuma na cikin waɗanda suka shuka, masarar ta fito kore shar, ta kai tsawon yatsa, ta kwanta. Na je gonar na same shi tsaye a kan kunya yana kallo. Bai ɗago ba ya yi magana.

"Da ka ce mana wani abu, Malam. Ko da na ƙarya ne."

Na ce masa da na yi ƙarya, wataƙila cewa zan yi a shuka, da duk garin ne ke tsaye a gona kamar shi. Ya ce haka ne. Amma daga ranar bai ƙara zama a zaurena ba har ya rasu. Shekarar da ta biyo mutum huɗu suka zo, wadda ta biyo bayanta ba kowa. Na ji ana cewa Malam ya tsufa, kai ya fara juyewa. Na bar su a haka.

Ita kuwa Ta-Kasuwa tana nan a ɗakin, kuna ganinta. Kafin shekara ta zagayo, sau uku tana daskarewa, sau uku ana kai ta Funtua ana wankewa, kuma ban damu ba, tunda ba abin da ke cikinta da zan yi kuka a kai. Masu tambayata a cikinku wacce ta fi tsakanin Ta-Kyauta da Ta-Kasuwa, ga amsata. Ɗaya ba ta cika faɗuwa ba, in ta faɗi tana faɗin inda ke mata ciwo, amma sai ka yi tafiyar kwana kafin ka sami mai jin yarenta. Ɗayar kullum tana ƙasa, ba ta faɗin komai, masu ɗaga ta kuwa sun fi ƙuda yawa, kowanne da sabulunsa a hannu. In abin da za ka ajiye ba ka tsoron rasa shi, ɗauki ta biyu ka huta. In kana tsoro, ɗauki ta farko, ka rubuta lambar wayar wanda ya san ta a jikin akwatin, kuma ranar da ta tsaya ka kira shi ko da sarki ne ke zaune a zaurenka. Filashi kuwa kada ya kwana ɗaki ɗaya da ita.

Safiyar ruwa na biyu a waccan shekarar, ina zaune ban ko leƙa gwangwanin ba, Hajiya ta fito ta zari tsinke daga tsintsiya, ta tsoma, ta karya, ta ajiye mini a kan tabarma, ta koma madafi. Na ɗauko rula. Sabon kundin yanzu shekararsa shida, a littafi yake, da biro, kuma duk bazara ina shanya shi. Ba zan kai lokacin da zai iya amsa tambayar kowa ba, na san wannan.

Malam Sanusi kuwa duk sallah yana zuwa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce Baba ya kwamfuta, in ce lafiya lau, Allah ya yi albarka. Shekara shida muna wannan. Ku kuna ganin ban yi masa dariya ba, ba ku ga cewa ban taɓa iya faɗa masa komai ba. To ga shi na rubuta, kuma na san ta hanyar da muka saba zai isa gare shi. Ke babbarsu, da ban taɓa kiran sunanki ba, ke za ki karanta masa. Ki ce masa ruwan ya wuce, ba shi nake nema ba. Ya zo ya ce mini ranar nan bai sani ba, ni kuma in ce masa na gani a fuskarsa na yi shiru, na kuma sa filashi a kwali da hannuna. In mun gama Hajiya ta kawo tuwo kwano ɗaya, ya wanke hannu ya ci a gabana.